Yadda Ake Karkata Harshen Eriya Tana Kafe: Jagora Kan Masauyin Taku na Ferayit

Eriyar rada (na'urar gano abu daga nesa da igiyar rediyo) irin ta da faranti ce da inji ke juyawa. Duk inda ake son ta duba, sai an juya ƙarfen ɗungurungum ya fuskanci wurin, kuma ƙarfe mai nauyi ba ya juyawa da saurin da ake so. Eriya mai jeri ba ta motsi ko kaɗan. Allo ne a kafe, an jera masa ƙananan eriyoyi ɗaruruwa ko dubbai, kowace da 'yar na'urarta a baya mai suna masauyi, wadda ke sauya takun igiyar da ke ratsa ta, wato ta ɗan jinkirta hawa da saukarta. Da an sauya takun, harshen eriyar, wato siririn layin da take harba igiya ta cikinsa, ya karkata zuwa wata kusurwa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Faifan Starlink da ya shigo Najeriya a 2023 da wannan dabarar yake bin taurarin ɗan'adam da ke gilmawa a sama, sai dai shi da ƙananan ƙwayoyin lantarki yake sauya takunsa.

Inda ƙarfin aikawa ya yi yawa kuwa, an daɗe ana dogara da ferayit, wani baƙin tangaran mai ɗaukar maganaɗisu. Radar SPY-1 ta jiragen ruwan Amurka, wadda ta fara aiki a jirgin Ticonderoga a 1983, tana da 'yan eriyoyi sama da 4,000 a kowace fuska. Ta Patriot, makamin Amurka na kakkaɓo jirage da makamai masu linzami, tana da sama da 5,000. Radar Zaslon ta jirgin MiG-31 na Tarayyar Sobiyat ta shiga aiki a 1981. Dukkansu ferayit ne ke karkata musu harshe.

Misali ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe: layi guda na eriyoyi 16 a kan gigahaz 10, wato igiya mai kaɗawa sau biliyan 10 a daƙiƙa. Lissafin kusurwa, wanda ɗalibai suka fi jin tsoro, bai wuce rabin shafi ba. Inda aikin ke cin mutum shi ne halin ferayit ɗin kansa, domin yana tuna abin da aka yi masa a baya, kuma zafi da matsi suna sauya shi.

Mataki na farko: zango, kusurwa da tazara

Kada ka fara da sayen ferayit. Fara da abu uku a takarda: yawan kaɗawar igiyarka, iyakar kusurwar da kake son harshen ya kai, da kaurin harshen da za ka iya haƙuri da shi.

Raba 30 da yawan gigahaz, ka sami tsawon zango a santimita. A gigahaz 10, tsawon zango, wanda ake rubutawa λ, santimita 3 ne. Komai na eriyar da wannan ake auna shi.

Tazarar da ke tsakanin 'yar eriya da maƙwabciyarta, wato d, ita ce hukunci mafi nauyi a duk aikin, domin da an fafe ƙarfe ba ta gyaruwa. In ta yi faɗi, wani harshe na biyu mai ƙarfi kamar na ainihi zai ɓullo ta wani ɓangare, rada ta ga abu a dama ta ce a hagu yake. Ƙa'idar kauce wa wannan harshen bogi ita ce:

d ÷ λ < 1 ÷ (1 + sin θ)

inda θ take iyakar kusurwar karkata. In digiri 60 kake so, d ba za ta wuce 0.536 na zango ba, wato santimita 1.6. Mu ɗauki rabin zango, milimita 15.

Yanzu ɗauko bututun igiya na WR-90, wato bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da igiya ke bi ta cikinsa, wanda aka saba amfani da shi daga gigahaz 8.2 zuwa 12.4, ka aza masa ma'auni. Cikinsa milimita 22.86 ne a faɗi, 10.16 a tsayi, wajensa kuma 25.4 da 12.7. Ka jera su gefe da gefe ta faɗinsu, tazara ta zama 25.4, wato 0.85 na zango, kuma harshen bogi zai leƙo tun ba ka wuce digiri 10 ba. Ka ɗora su bisa juna ta siririn ɓangaren, 12.7 ta shiga cikin 15, saura milimita 2.3 kacal na wayoyi da hanyar fitar zafi. A layi guda wannan ya wadatar. A allo mai karkata sama da ƙasa, hagu da dama, dole a tsuke bututun a cika shi da tangaran, sau da yawa kuma a jera eriyoyin a tsarin kusurwa uku, wanda ke rage yawansu da kusan kashi 13 cikin ɗari.

Kaurin harshe kuwa, raba 51 da tsawon jerin in an ƙirga shi da zango. Eriyoyi 16 a rabin zango sun ba da zango 8, harshen ya zama kusan digiri 6.4. Wannan a tsakiya ne. In an karkata zuwa digiri 60 kaurin ya ninka, ƙarfin ya ragu da aƙalla rabi, domin daga can gefe allon siriri ake ganinsa. Shi ya sa SPY-1 ke da fuska huɗu, kowace ta ji da nata rubu'in.

Mataki na biyu: lissafin takun kowace eriya

Igiya na hawa da sauka, kuma zagaye ɗaya na hawa da saukar digiri 360 ne. Taku shi ne inda igiyar take a cikin wannan zagayen. Ka jefa tsakuwa takwas a jere cikin tafki lokaci guda, da'irorinsu za su haɗe su zama layi ɗaya miƙaƙƙe mai tafiya gaba sak. Ka jefa su bi da bi daga hagu zuwa dama, layin zai fito a karkace ya nufi dama, ɓangaren da aka jefa daga ƙarshe. Harshen eriya ma ɓangaren da aka jinkirta yake nufa.

Bambancin taku tsakanin kowace eriya da ta gabanta shi ne:

Δφ = 360° × (d ÷ λ) × sin θ

Muna son digiri 20. Sin 20° ya kama 0.342, saboda haka 360 × 0.5 × 0.342 ya ba da 61.6. Eriya ta farko 0, ta biyu 61.6, ta uku 123.1, sai 184.7, 246.3, 307.8. Ta bakwai ta kai 369.4, a cire 360, saura 9.4, tunda igiyar da ta yi cikakken zagaye ta koma inda ta faro. Ta takwas 70.9. Haka har ta 16. Saboda wannan cirewar ne masauyi ba ya buƙatar wuce digiri 360 komai girman allon.

Kwamfutar da ke ba da umarni da bit take magana, wato lambobin 0 ko 1, kuma yawansu ke ƙayyade girman matakalar taku. Bit 3 na ba da matakala ta digiri 45, bit 4 ta 22.5. Da bit 4, sai kowace lamba ta koma kan matakalar da ta fi kusa da ita: 61.6 ta zama 67.5, 123.1 ta zama 112.5, 184.7 ta zama 180, 246.3 ta zama 247.5, 307.8 ta zama 315, 9.4 ta zama 0. Kuskure mafi girma a nan digiri 10.6 ne. Ƙarfin da ake asara saboda wannan kaɗan ne in an auna da desibel, ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfi: kusan desibel 0.9 a bit 2, 0.2 a bit 3, 0.06 a bit 4. Abin damuwar shi ne in kuskuren ya riƙa maimaita kansa a tsari ɗaya, yana haifar da harsunan gefe, waɗanda kan kai kusan desibel 18 ƙasa da babban harshe a bit 3, 24 a bit 4.

In duk eriyoyin ƙarfi ɗaya ake ba su, harshen gefe na farko desibel 13 kawai yake ƙasa da babba, kuma bit 3 ya ishe ka. In ka rage wa na bakin layi ƙarfi bisa tsarin Dolph na 1946 ko na Taylor na 1955 don harsunan gefe su sauka zuwa 30, to bit 4 ma bai isa ba, nemi 5 ko 6.

Abin da ke faruwa a cikin ferayit

Ferayit tangaran ne baƙi, haɗin tsatsar ƙarfe da wasu ma'adinai da aka gasa a wuta mai tsanani. Kato Yogoro da Takei Takeshi ne suka samar da shi a Tokyo a 1930, aka kafa kamfanin TDK a 1935 don sarrafa shi. Yana ɗaukar maganaɗisu amma lantarki ba ya bin jikinsa, saboda haka igiyar gigahaz na ratsa shi ba tare da ta ƙone a ciki ba. Ƙarfe zalla ba zai bari ta shiga ba sam.

A cikinsa kowane ilektaron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai juyi, kuma in an taɓa shi sai ya riƙa kewaya layin maganaɗisun da aka ɗora wa tangaran ɗin. Ɓangare ɗaya tak yake kewayawa, kuma layin maganaɗisun ne ke zaɓa masa ɓangaren. In maganaɗisun igiyar da ta shigo yana juyawa tare da kewayen ilektaron, ferayit na amsa masa ta wata hanya, in kuma yana juyawa akasin haka, ya amsa ta wata hanyar daban. Polder ya rubuta lissafin wannan a 1949, Hogan na ɗakin binciken Bell ya mayar da shi na'ura a 1952.

Lambar da za ka riƙe ita ce megahaz 2.8 (megahaz dubu ne gigahaz ɗaya) a kowane gaus, ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Ferayit mai riƙe da gaus 1,400 ya ba da gigahaz 3.9. Raba da gigahaz 10 namu, ka sami 0.39. Amsar da ferayit ke bai wa maganaɗisun igiya za ta zama kusan 1 − 0.39 a juyi ɗaya, 1 + 0.39 a ɗayan. Saurin igiya ya dogara da wannan amsar. Ka juya maganaɗisun ferayit, igiyar ta sauya sauri, ta fito ɗaya bakin da wani takun. Sirrin ke nan gaba ɗaya.

Mataki na uku: wane irin masauyi

Wanda Reggia da Spencer suka bayyana a 1957 sanda ce ta ferayit a tsakiyar bututu, an naɗe bututun da waya. Yana da sauƙin ƙerawa a ɗakin gwaji, amma sai wuta na bin wayar kullum kafin ya riƙe takunsa, kuma zafi na wasa da shi. A yau don koyo ya fi dacewa.

Wanda ya mamaye manyan radoji shi ne mai zobe. Zoben dogo ne mai kusurwa huɗu da rami a tsakiya, an kwantar da shi a tsakiyar bututu, waya guda ta bi ta ramin. A bututu mai kusurwa huɗu akwai wurare biyu, ɗaya hagu ɗaya dama da tsakiya, inda maganaɗisun igiya ke juyawa a da'ira, kuma juyin na hagu akasin na dama ne. Wuta ta bi wayar, maganaɗisu ya kewaye zoben, ya hau ta bango ɗaya ya sauko ta ɗayan. Akasi ya gamu da akasi, aikin bangon biyu ya haɗu wuri ɗaya. Kuma da yake zoben rufaffe ne, in wutar ta ɗauke maganaɗisun na nan a riƙe. Bugu ɗaya na 'yan maikurosakan ya isa, maikurosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa.

Aibinsa shi ne yana bambanta tafi da dawowa. Takun da ya bai wa igiya mai fita ba shi zai bai wa mai shigowa ba, don haka bayan kowace aikawa sai an sake saita shi kafin amsa ta dawo. Kowane maikurosakan na tafi da dawowar igiyar rada daidai yake da nisan mita 150. In sauyin na ɗaukar maikurosakan 5, duk abin da ke cikin mita 750 ba za ka gan shi ba. Ga radar da ke hangen kilomita ɗaruruwa wannan ba komai ba ne. Ga wadda ke aika bugu dubbai masu yawa a daƙiƙa, ko na'urar sadarwa mai aikawa da karɓa lokaci guda, babbar matsala ce.

A nan ake komawa ga mai hanya biyu, wanda Boyd ya bayyana a 1970. Sanda ce da aka shafe da ƙarfe siriri ta zama bututun kanta, da maganaɗisu na dindindin a bakinta biyu masu mayar da igiya mai juyi a da'ira. Tafi da dawowa duk taku ɗaya yake bayarwa, yana kuma riƙo. Sai dai shafen ƙarfen na yi wa sauyin maganaɗisu tirjiya, saurinsa ya koma gomman maikurosakan ko fiye. Akwai kuma mai juya maganaɗisu a kewayen sanda, jikan na'urar da Fox ya yi a 1947, wanda kuskurensa bai cika wuce digiri ɗaya ko biyu ba, amma shi ma ba shi da sauri.

A ganina, in kaɗawarka ta gaza gigahaz 2, ko ƙarfin da ke bin kowace eriya bai wuce 'yan wat ba, bar ferayit ka nemi diyod ko ƙwayar lantarki. Ferayit na cin kasuwarsa ne inda na'urar aikawa guda mai ƙarfin gaske ke ciyar da allo duka, kuma ana son asara ta tsaya wajen desibel ɗaya ko ƙasa. Misalinmu zai ci gaba da mai zobe.

Mataki na huɗu: zaɓen ferayit

Baƙar sandar da ke cikin tsohuwar rediyo da ƙullin da ke jikin wayar cajar kwamfuta duk ferayit ne, amma ba na wannan aikin ba. An yi su don kilohaz da megahaz, a gigahaz 10 shanye igiya za su yi.

A takardar bayanin mai ƙerawa, fara duba maganaɗisun ƙoshi, wato iyakar abin da tangaran ɗin zai iya ɗauka. Ninka shi da 2.8, raba da kaɗawarka a megahaz. Amsar ta tsaya tsakanin 0.4 da 0.6. In ta yi ƙasa, zoben zai yi tsawo kafin ya ba da 360. In ta doshi 1, asara ta yi tashin gwauron zabo, musamman lokacin da maganaɗisun bai cika ba. A gigahaz 10, 0.6 na nufin gaus 2,140, kuma a nan ferayit na magnesiyam da manganis ko na lithiyam da taitaniyam ke zaune. A gigahaz 3 gaus 640 ake nema, sai a koma ga dangin YIG, ferayit mai ma'adinin yitiriyam, wanda Bertaut da Forrat suka gano a Faransa a 1956. Shi zalla yana da kusan gaus 1,780, ana rage shi da alminiyam. Can sama a gigahaz 35, ferayit mafi ƙarfi ma bai wuce gaus 5,000 ba, wato 0.4, kuma abin da ke akwai ke nan.

Sai ragowar maganaɗisu, abin da ke saura bayan wuta ta ɗauke. Da shi zoben ke aiki, kuma ana son ya kusanci na ƙoshi gwargwadon hali. Sai zafin Curie, inda maganaɗisu ke gushewa baki ɗaya: kusan digiri 280 na Salshiyos ga YIG, sama da 600 ga lithiyam zalla. Ba za ka kai can ba, amma tun daga nesa maganaɗisun ke raguwa, kuma mai ƙaramin zafin Curie ya fi saurin raguwa. Ana sa gadoliniyam a dangin YIG don a lafar da wannan.

Na ƙarshe, ƙarfin da zai iya jurewa. Akwai wani mizani da in ƙarfin bugun igiya ya haura shi, asara na tashi farat ɗaya, domin ilektaron sun daina kewayawa tare. Suhl ya yi bayanin haka a 1957. Ana ɗaga mizanin da ɗan holmiyam a dangin YIG ko kobalt a na lithiyam, ladan kuwa ƙarin asara a ƙaramin ƙarfi. Kada ka sayi juriyar da ba ka buƙata.

Mataki na biyar: harhaɗawa

Cika ramin zoben da tangaran mai tara igiya, ka bar wa wayar hanya. Wannan ɓargon na janyo ƙarfin igiyar zuwa bangon zoben, digirin da kowane santimita ke bayarwa ya ƙaru. Wayar ta fita ta siririn gefen bututun, a gicciye da lantarkin igiya, don kada ta zama eriya ita ma. A bakin zoben biyu sa 'yan guntayen tangaran masu tsawon rubu'in zango, su sassauta shigar igiya daga iska zuwa ferayit, in ba haka ba wani kaso zai dawo baya.

Saman zoben da ƙasansa su manne da bangon bututu. Ɗan gibin iska da ido ba ya gani ya isa ya tayar da wasu igiyoyin banza, ka ga asara ta yi tsini a wasu kaɗawa. To amma in ka ɗaure murfin da ƙarfi, matsin zai sauya ragowar maganaɗisu, musamman a dangin YIG, takun ya goce. Ga kuma alminiyam na buɗewa da zafi fiye da ninki biyu na ferayit, don haka matsin safe daban, na rana daban. Mafita ita ce murfi siriri mai ɗan lanƙwasa, ko a shafe zoben da ƙarfe ya zama bututun kansa. Ɗaure kowane kusa da ma'aunin ɗauri, dukkan 16 daidai wa daida.

Mataki na shida: tuƙi

Nan gizo ke saƙar. Hanya ta farko ita ce a yanka zoben gida huɗu masu ba da 180, 90, 45 da 22.5, kowane da wayarsa, a riƙa kai shi ƙoshi ta hagu ko ta dama. Da'irar tuƙin mai sauƙi ce, amma da zafi ya rage maganaɗisu, 180 ta koma 170 kuma ba ka da abin yi.

Hanya ta biyu, wadda na fi amincewa da ita, zobe ɗaya ne dogo da bugu biyu. Bugun farko na sharewa ne: wuta mai ƙarfi, amfiya da dama, ta kai zoben ƙoshi ta ɓangare ɗaya. Na biyu na saiti ne, ta ɗaya ɓangaren, kuma a aune. Dokar Faraday ta ce a waya mai zagaye ɗaya, bolt sau lokaci daidai yake da adadin maganaɗisun da aka juya. Saboda haka ba amfiya za ka auna ba, bolt da maikurosakan za ka auna.

Mu ƙaddara bangon zoben milimita 1.5 ne a kauri, 60 a tsawo, ragowar maganaɗisunsa gaus 1,400, wato tesla 0.14. Faɗin da maganaɗisun ke ratsawa murabba'in milimita 90 ne. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan tesla 0.28 ne, a ninka da faɗin, a sami kusan bolt-maikurosakan 25. Da bolt 12, bugun maikurosakan 2.1 zai juya zoben kakaf. Rabin wannan ya juya kusan rabi. In kana son matakala 64, wato bit 6, agogon da'irarka sai ya iya rarrabe nanosakan 33 (nanosakan dubu ne maikurosakan ɗaya). Auna bolt ɗin a bakin wayar zoben, domin abin da ya zube a taransista da doguwar waya bai shiga ferayit ba. Da'ira mai kyau tana tara bolt sau lokaci da kanta, ta yanke bugun da adadin ya cika.

Kada ka tsallake bugun sharewa don neman sauri. In zoben na kan 200 kana son 250, ka ce bari ka ƙara masa bugun 50 kawai, ba 250 za ka samu ba, domin amsarsa ta dogara da hanyar da ya biyo ya iso 200. Kullum a koma ƙoshi, a taso daga can. Kurakurai masu wuyar ganewa a irin wannan eriya, waɗanda yau su bayyana gobe su ɓace, da yawansu daga nan suke.

Alherin wannan hanyar shi ne bugu mai awo ɗaya na juya maganaɗisu adadi ɗaya ko da sanyi ko da zafi, muddin zoben na da sauran wuri. Don haka a yi shi ya ba da 400 ko fiye a zafin ɗaki, yadda ko a rana mafi zafi ba zai gaza 360 ba. Duk wanda zai kafa allo a Sakkwato ko Agadas, inda inuwa ma kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ya ƙara wannan rarar. Ka tuna kuma asarar desibel 1 na nufin kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin ya zama zafi a cikin masauyin: wat 20 ya shiga, 4 ya tsaya.

Wurin da ake tasowa bayan sharewa shi ma yana gocewa da zafi. In duka 16 sun goce tare, harshen bai san an yi ba, tunda bambancin da ke tsakaninsu kawai yake gani. Abin tsoro shi ne rabin allo a rana, rabi a inuwa, ko na tsakiya masu ɗaukar ƙarfi su fi na gefe zafi. Ɗora su duka a kan faranti ɗaya mai kauri na alminiyam, ka sa ma'aunin zafi a tsakiya da gefe biyu.

Mataki na bakwai: awo da saiti

Kowane masauyi shi kaɗai tukuna, a kan na'urar VNA mai auna taku da asarar igiya, da ƙarfin da bai wuce miliwat ba. Share, saita, karanta taku da asara, ka sake sharewa. Bi dukkan matakala, a farkon kaɗawarka da tsakiya da ƙarshe, tafi da dawowa. Za ka ga layin ya ɗan lanƙwashe a farkonsa da ƙarshensa, kuma babu biyu da suka zo ɗaya, domin bambancin gasawa da na yanka kan kawo digirori masu yawa. Yi wa kowane teburinsa: ga takun da ake so, ga tsawon bugun da ke ba da shi. Maimaita a zafi uku aƙalla.

Sannan a haɗa su da hanyar ciyarwa. Ga 16, bututu mai rassa ya wadatar. Ga dubbai, dabarar Patriot ta fi sauƙi: ƙaho guda, wato eriya mai siffar ƙaho, na haska allon daga baya, kowace eriya ta karɓa, ta sauya taku, ta fitar ta gaba. Sai a ƙara wa kowace gyaran bambancin nisanta da ƙahon, kuma wannan gyaran na wargaza maimaituwar kuskuren bit da muka gani a mataki na biyu. A ƙarshen layi biyu, ƙara eriya ɗaya ko biyu da ba a ciyarwa, a toshe su da abin shanye igiya, don na bakin layi su sami maƙwabta kamar na tsakiya.

Nisan awo aƙalla 2 × D × D ÷ λ ne, inda D take tsawon jerin. Namu santimita 24 ne, nisan ya kama mita 3.84. Kafa ƙahon karɓa a mita 4 ko 5, ka rufe bango da ƙasa da soson shanye igiya. Don gano kuskuren kowace eriya tana cikin jeri, bi hanyar Mano da Katagi ta 1982: bar 15 a yadda suke, juya takun guda ɗaya daga 0 zuwa 360, kana rubuta jimillar ƙarfin da ƙahon ke karɓa. Zai hau ya sauka sau ɗaya. Inda ya kai ƙololuwa ya nuna takunta, tazarar sama da ƙasa ta nuna ƙarfinta. Wadda ba ta motsa allura ba ta mutu, ko ita ko da'irar tuƙinta.

In za a kunna babban ƙarfi, kowa ya bar gaban allon, kuma kada wanda ya leƙa bakin bututu, domin ido ba ya iya fitar da zafin da igiyar ke sa masa. Aikawa a fili kuma sai da izinin hukumar da ke kula da zangon sadarwa a ƙasarka.

Auna saurin sauyawa ma, domin shi ne ribar duk wannan wahalar. A Norman ta jihar Oklahoma, masu binciken yanayi sun kafa fuskar SPY-1 guda a 2003, suka riƙa zagaye hadari cikin kusan minti ɗaya, aikin da radar faranti ke yi a minti huɗu zuwa biyar.

Awo na ƙarshe: karkata harshen zuwa digiri 45, ka sauya kaɗawa daga gigahaz 10 zuwa 10.5 ba tare da ka taɓa saiti ba. Harshen zai ja baya zuwa tsakiya da kusan digiri 3, domin an lissafa takun ne da zangon santimita 3, zangon kuma ya gajarce. A harshenmu mai kaurin digiri 9 a wannan kusurwar, ana iya haƙuri. A allo mai eriyoyi 64 a layi, wanda harshensa bai wuce digiri 2.3 ba a nan, ya bar abin da yake kallo ke nan. In rada na tsalle ne daga wannan kaɗawa zuwa waccan, kwamfuta ta sake lissafin Δφ a kowane tsalle. In kuwa bugu guda ne ya mamaye faɗin megahaz 500, sai a raba allon gungu-gungu, a sa wa kowane gungu layin jinkiri na ainihin lokaci, a bar wa ferayit gyaran da ke cikin gungun.